TARIHIN WESTFIELD: Daga shagon bakin tasha zuwa manyan biranen duniya, da abin da wayar hannunka ta yi masa



Yau za mu ɗan ajiye maganar setin waya da batir da filashin, mu taɓa tarihi. Tarihin wani kamfani ne mai suna Westfield. In kana kallon bidiyon masu yawo a Landan ko New York ko Sidni, wataƙila ka taɓa cin karo da wannan suna da jan rubutu a jikin wani katafaren gini mai cike da shaguna, wato irin wurin da muke kira mol.

Za ka ce to me ya haɗa shafin fasaha da ginin shaguna? Ga abin da ya haɗa su. Westfield ba ya sayar da riga, ba ya sayar da takalmi, ba ya sayar da waya. Aikinsa shi ne ya tara jama'a wuri guda, sannan ya juyo ya ce wa ɗan kasuwa: ga masu saye nan na tara, in kana son su ganka, biya ni haya. Ƙafafun mutane yake sayarwa. Kuma wannan sana'ar ce Facebook da TikTok da Play Store suke yi da ni da kai a yau. In kana tallar kayanka a waya, ko kana da shago a wata filaza, wannan tarihin ya taɓa aljihunka. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

YARON DA YAƘI YA KORA

Mutum biyu ne suka kafa kamfanin, Frank Lowy da John Saunders, kuma dukansu ba haifaffun Ostireliya ba ne duk da a can kamfanin ya tashi.

An haifi Lowy a 1930 a wani ƙaramin gari mai suna Filakovo, wanda yanzu yake cikin ƙasar Slovakia. Iyayensa Yahudawa ne, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun koma Budapest, babban birnin Hangari. A 1944 sojojin Jamus suka mamaye ƙasar. Mahaifinsa ya fita tashar jirgin ƙasa, aka kama shi, bai sake dawowa gida ba. A sansanin Auschwitz aka kashe shi. Yaron yana da shekara 13 a lokacin.

Bayan yaƙi, a 1946, ya hau jirgin ruwa zuwa Falasɗinu, Turawan Ingila suka tare jirgin suka tsare su a tsibirin Cyprus kafin daga baya ya shiga. Ya yi yaƙin 1948 a ɓangaren Isra'ila, yaƙin da ya raba dubban ɗaruruwan Falasɗinawa da gidajensu. A 1952 ya tattara ya bi mahaifiyarsa da 'yan uwansa zuwa Sidni a Ostireliya.

Bai je da digiri ba, bai je da jari ba. Aikin da ya samu har da raba kayan abinci shago-shago. A cikin shagunan da yake kai wa kaya akwai na wani ɗan Hangari da ya girme shi, wanda shi ma ya tsira daga sansanin Jamusawa. Shi ne John Saunders. Daga kai kaya da karɓar kuɗi sabo ya shiga, har suka yanke shawarar haɗa jari.

SHAGON BAKIN TASHA

A 1955 suka buɗe shagon kayan abinci a Blacktown, wata unguwa can yamma da Sidni, daf da tashar jirgin ƙasa. Ka lura da wurin da suka zaɓa. A shekarun nan Ostireliya tana ta karɓar baƙi daga Turai bayan yaƙi: 'yan Italiya, 'yan Girka, 'yan Poland, 'yan Malta da sauransu. Da yawansu bayan gari suke sauka saboda fili ya fi araha. Da safe su hau jirgi zuwa aiki, da yamma su sauko a tashar nan. Kuma suna kewar irin biredi da nama da zaitun na ƙasashensu, abin da kantunan Turawan Ostireliya ba su cika sayarwa ba.

Shago ya karɓu, suka ƙara da wurin shan kofi. Amma abin da suka hango ya fi cinikin biredi. Sun ga mutane na ta tururuwa zuwa unguwar, gonaki na komawa gidaje. Sai suka fara sayen gona suna yankawa filoti-filoti, suna gina gidaje suna sayarwa. Daga nan ma sunan kamfanin ya samo asali: kalmar farko tana nufin yamma, wato yammacin Sidni, ta biyu kuma tana nufin fili ko gona.

To mutanen da suka sayi gidajen nan, ina za su yi cefane? Ina za su sayi kayan makarantar yara? Sai sun shiga cikin gari. Nan fa dabara ta faɗo.

DABARAR BA SU SUKA ƘIRƘIRO TA BA

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: Lowy da Saunders ba su ne suka fara gina mol ba. Amurka ce ta riga kowa. A can bayan yaƙi mutane sun sayi motoci, sun koma zama bayan gari, tsakiyar birni kuma babu wurin ajiye mota. Wani mai zanen gine-gine ɗan Austria mai suna Victor Gruen, wanda shi ma gudun 'yan Nazi ya kai shi Amurka a 1938, ya zana Southdale Center a jihar Minnesota. An buɗe shi a 1956, shi ne mol na farko da aka rufe shi ruf da rufi guda, da na'urar sanyi da ta ɗumi, yadda ruwa ko ƙanƙara ba za su hana ciniki ba.

Ko a Ostireliyar ma an riga su. A 1957 an buɗe Chermside a Brisbane da Top Ryde a Sidni. Nasu na farko, Westfield Place, sai a watan Yulin 1959 aka buɗe shi a Blacktown. Ɗan ƙarami ne: shaguna 12, manyan kantuna biyu, da babban kantin kayan masarufi guda, ga wurin ajiye motoci kyauta. Yau wata filazar ma ta fi shi yawan shaguna.

Abin da ya bambanta su da saura shi ne ba su tsaya a ɗaya ba. Sun mayar da abin sana'ar da ake maimaitawa. A 1961 suka buɗe na Hornsby. A 1966 na Burwood. A 1967 suka tsallaka jihar Queensland da Toombul, a 1969 suka shiga Melbourne da Doncaster. Duk inda gidaje ke ƙaruwa, titi ko layin dogo ya ratsa, za ka gan su sun riga kowa sayen fili.

YADDA KUƊIN KE SHIGOWA

Nan ne zuciyar maganar, ka nutsu.

Mu da ke sana'ar waya mun san bambancin tebur a bakin ƙofar kasuwa da shago a bene na biyu can lungu. Mai tebur zai iya fin mai shago ciniki, don shi kowa ke fara gani. Gyara iri ɗaya ne, kayan aiki iri ɗaya, ƙafa ce kawai ta bambanta. Masu mol sun ɗauki wannan abin sun mayar da shi lissafi.

Na farko, sukan nemo babban kanti mai suna, wanda mutane za su taso takanas dominsa. A Ostireliya irin su Myer da David Jones da Woolworths da Coles, a Amurka irin su Macy's da Sears da Nordstrom. Shi wannan babban kanti haya mai rahusa ake ba shi, don shi ne maganaɗisun da ke janyo jama'a. Sai a ajiye ɗaya a wannan ƙarshen gini, ɗaya a wancan ƙarshen. Duk mai son zuwa daga wannan zuwa wancan dole ya ratsa ta gaban ƙananan shaguna. Su ƙananan nan su ne ke biyan haya mai tsada. Ka ga kenan babba ne ke kawo mutane, ƙanana ke biyan kuɗin.

Na biyu, a yarjejeniyoyi da yawa hayar hawa biyu ce. Akwai tsayayyen kuɗin da za ka biya ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Sannan in cinikinka ya wuce wani adadi, mai gini yana da kaso a ciki. Saboda haka ɗan haya kan kai rahoton cinikinsa. Mai gini ya san shagon da ke ja da wanda ke barci, in wa'adin haya ya cika sai ya sauya mai barcin da wani.

Na uku, tsarin ginin kansa. Ba kasafai za ka ga agogo ko taga mai kallon waje ba. Matattakalar lantarki sau da yawa sai ka zagaya kafin ka samu ta gaba. Wurin cin abinci da silima suna can ciki ko can sama. Duk don ka daɗe, domin wanda ya daɗe yakan sayi abin da bai fito dominsa ba. Ka tuna yadda kake shiga TikTok don kallon bidiyo ɗaya, kafin ka farga awa guda ta wuce, data ta ƙare? Tunanin ɗaya ne, masu mol sun riga masu manhaja da shekaru masu yawa.

KUƊIN GINI DAGA INA?

Gina mol ba aikin aljihun mutum biyu ba ne. A 1960, shekara ɗaya bayan Blacktown, suka shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta Sidni. Jama'a suka sayi hannun jari, suka samu kuɗin gini na gaba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Daga ƙarshen shekarun 1970 suka ƙara wata dabara. Suka ware gine-ginen suka zuba su cikin wani asusu na daban da masu zuba jari ke saye, irin su asusun fansho masu son kuɗin haya ya riƙa shigo musu duk shekara. Shi kuma kamfanin Westfield shi ke zana ginin, shi ke ginawa, shi ke nemo 'yan haya, shi ke kula da wurin, kuma kowane mataki ana biyansa lada. Wato kuɗin wasu ke tsayar da gini, su kuma suna riƙe da makulli.

Sai kuma bashin banki. Muddin haya na shigowa fiye da kuɗin ruwan da ake biya, bashi na ƙara gudu ne. Ranar da haya ta tsaya, bashin nan ba ya tsayawa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

AMURKA, DA TUNTUƁEN TALABIJIN

Ostireliya ƙasa ce mai faɗi amma mutanenta ba yawa. In ka gina mol a kowace babbar unguwa, wata rana unguwannin za su ƙare. A 1977 suka sayi mol ɗinsu na farko a Amurka, a garin Trumbull na jihar Connecticut. Almajiri ya dawo garin malaminsa da jari.

A 1987 abubuwa biyu suka faru. Saunders ya sayar da kasonsa ya bar kamfanin, ragama ta koma hannun Lowy da 'ya'yansa uku, David da Peter da Steven. A shekarar ce kuma Lowy ya kutsa harkar da bai sani ba, ya shiga mallakar gidan talabijin na Network Ten. A watan Oktoba kasuwannin hannun jari na duniya suka rufta. Gidan talabijin ya yi ta cin kuɗi, a 1989 ya rabu da shi da asara mai tsanani. Taura biyu ba ta taunuwa. Daga nan ya koma kan abin da ya iya, kuma bai sake yin nisa da shi ba.

Shekarun 1990 su ne na saye da yawa. Maimakon ɗaya-ɗaya, sai suka koma sayen kamfani sukutum da duk mol ɗinsa. A 1994 suka haɗu da wasu suka sayi CenterMark mai mol 19. A 1998 suka sayi na TrizecHahn, abin da ya sa suka yi ƙarfi sosai a California. Suka shiga New Zealand a 1997, suka shiga Ingila a 2000.

Wani abin da suka yi wanda ba a saba ba shi ne maƙala sunansu a jikin kowane gini. A Amurka mol yakan ɗauki sunan unguwa ne, ba wanda ya damu da mai shi. Su kuwa sai suka sa Westfield a gaban kowane suna, yadda duk garin da ka je ka ga jan rubutun nan, ka san abin da za ka tarar a ciki. Su ma manyan kamfanonin kaya sun ji daɗi, don zama ɗaya za su yi da mai gida ɗaya su samu shaguna a birane da yawa.

A 2004 aka haɗe rassan kamfanin uku suka zama Westfield Group. A lokacin yana da mol sama da 120 a ƙasashe huɗu, kuma shi ne mafi daraja a kasuwar hannun jari cikin irin waɗannan kamfanoni a duk duniya.

NEW YORK DA LANDAN

A watan Yulin 2001 Westfield ya sa hannu kan hayar shekara 99 ta rukunin shagunan da ke ƙarƙashin tagwayen benaye na World Trade Center a New York. Mako bakwai bayan nan, ranar 11 ga Satumba, aka kai harin da ya rushe benayen, shagunan suka tafi da su. Shekara 15 aka ɗauka kafin su sake buɗe shaguna a wurin, a watan Agustan 2016, cikin farin ginin nan mai kama da fukafukai da ake kira Oculus.

Na Landan ma ya zo a mugun lokaci. Ranar 30 ga Oktoban 2008 aka buɗe Westfield London a yammacin birnin, wanda ya ci kusan fam biliyan 1.6. Mako shida kafin nan bankin Lehman Brothers ya durƙushe, tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani. Duk da haka wurin ya cika da mutane. A Satumban 2011 suka buɗe na biyu a Stratford, gabashin Landan, manne da filin wasannin Olympics na 2012, yadda akasarin 'yan kallo sai sun ratsa ta cikin shagunan kafin su isa fili. Ka ga dabarar shagon bakin tasha ce dai ta 1955, an ƙara mata girma kawai.

Daga waɗannan biyun suka fahimci wani abu: katafaren mol guda a tsakiyar babban birni ya fi matsakaita goma a ƙananan garuruwa. Sai suka fara sayar da ƙanana a Amurka suna zuba kuɗin a manya.

SAI WAYA TA SHIGO

An kafa Amazon a 1994, amma a farko sai ka zauna gaban kwamfuta kafin ka yi saye. A 2007 iPhone ta fito, a 2008 Android ta biyo baya. Cikin 'yan shekaru shago ya koma aljihun kowa. Mutum zai shiga kanti ya gwada takalmi, ya zaro waya ya duba farashi a intanet, ya yi oda yana tsaye a gaban mai kantin.

Waɗanda suka fara jin jiki su ne manyan kantunan nan masu janyo jama'a. Toys R Us ya durƙushe a 2017, Sears a 2018, JCPenney a 2020. A Ingila Debenhams ya rufe shagunansa a 2021. Ba waya kaɗai ta kashe su ba, akwai bashi da rashin iya tafiyarwa, kuma Amurka dama ta gina mol fiye da buƙatarta. Amma waya ce ta janye ƙafar.

Kuma in babban kanti ya tashi, ba shi kaɗai yake tafiya ba. A Amurka ƙananan 'yan haya da yawa suna da sharaɗi a takardarsu cewa in babban ya fita, za a rage musu haya ko su ma su fita. Ɗaya ya fita, goma su bi shi, mutane su daina zuwa, sauran su rufe.

Westfield bai naɗe hannu ba. A 2012 ya buɗe sashen fasaha mai suna Westfield Labs a San Francisco, ana gwada manhajar neman kaya a cikin mol, odar abinci ta waya, da biyan kuɗin ajiye mota ba tare da tikiti ba. Daga baya aka ware harkar fasahar ta zama kamfani mai suna OneMarket a 2018. Bai yi tsawon rai ba, zuwa ƙarshen 2019 aka yanke shawarar rufe shi. Iya tara mutane a gini daban, iya tara su a sikirin daban.

RANAR DA MAI SHI YA SAYAR

A 2014 aka raba kamfanin gida biyu. Na Ostireliya da New Zealand suka koma ƙarƙashin Scentre Group, wanda har yau yake amfani da sunan Westfield a mol ɗinsa 42. Na Amurka da Ingila suka zama Westfield Corporation.

A watan Disambar 2017, Lowy yana da shekara 87, aka sanar cewa an sayar da Westfield Corporation da mol ɗinsa 35 ga Unibail-Rodamco, wani kamfanin Faransa da Holand. Kuɗin ya kai kusan dala biliyan 16, in an haɗa da bashin da ke kansa kusan biliyan 25. An kammala cinikin a Yunin 2018, sabon suna ya zama Unibail-Rodamco-Westfield. Daga 2019 aka fara liƙa sunan Westfield a manyan mol na Turai, har da Forum des Halles a tsakiyar Paris.

Ba a cika shekara biyu ba korona ta ɓarke. Gwamnatoci suka rufe shaguna watanni, 'yan haya suka kasa biya, ga bashin da ya haura Yuro biliyan 20 a wuyan sabon kamfanin. Ka tuna na ce bashi ba ya tsayawa. Farashin hannun jarinsa ya faɗi har bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake lokacin cinikin ba. A Nuwamban 2020 shugabannin suka nemi masu hannun jari su ƙaro Yuro biliyan 3.5, aka ƙi amincewa. Cikin waɗanda suka jagoranci ƙin har da Xavier Niel, mai kamfanin sadarwa na Free a Faransa. Shugaban kamfanin ya sauka, kuma shekara uku ba a raba riba ba.

Lowy bai san korona na tafe ba, ba wanda ya sani. Amma ya ga inda ƙafa ta dosa, ya sayar tun kayan na da daraja.

A 2023 aka ga abin ƙarara a San Francisco, garin da ke maƙwabtaka da hedikwatar Apple da Google da Facebook. Ma'aikatan ofis da yawa sun koma aiki daga gida ta kwamfuta, tsakiyar birni ya yi shiru. A watan Mayu Nordstrom ya ce zai bar mol ɗin Westfield na birnin. A watan Yuni Westfield da abokin haɗin gwiwarsa suka daina biyan bashin dala miliyan 558 da ke kan ginin, suka bar wa masu bashi shi. Mu ma nan mun ga irin wannan girgizar a Janairun 2024, lokacin da Shoprite ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a Kano. Westfield ba shi da hannu a wannan ginin, amma lissafin babban kanti da ƙananan shaguna ɗaya ne a ko'ina.

Kada ka ɗauka mol ya mutu. Manyan na Landan da Paris da Los Angeles da Sidni suna nan cike, sai dai an ƙara musu gidajen abinci, wuraren wasa, wurin motsa jiki, abubuwan da ba a iya aiko maka a kwali. Shagon Apple ma, na kamfanin da ya ƙera wayar, yana cikin masu tara jama'a a irin waɗannan wurare. A 2025 kuma kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da Cenomi Centers na Saudiyya, za a sa sunan Westfield a wasu mol na can ana biyansa kuɗin suna. Wanda ya fara da bulo da siminti, yau sunansa kaɗai ma haja ne.

TO INA RUWANKA?

Ɗauki wayarka ka duba. App Store da Play Store mol ne, masu manhaja su ne 'yan haya, kuma kason da ake cire musu a ciniki yakan kai kashi 30 cikin ɗari, ƙanana kuma 15. Facebook da Instagram da TikTok mol ne. Abokanka da masu barkwanci da 'yan fim su ne babban kantin da ke janyo jama'a, kai mai tallar atamfa ko turare ko waya kai ne ƙaramin shago. Shi ya sa za ka ga kana da mabiya dubu goma amma abin da ka ɗora bai kai wa dubu ɗaya ba sai ka biya kuɗin talla. Wannan kuɗin shi ne hayarka, kuma mai gida ne ke yanke wanda zai zauna bakin ƙofa da wanda za a tura lungu.

Bambancin ma shi ne ɗan hayar Westfield yana da takarda da wa'adi. Kai kuwa za a iya rufe maka shafi da asuba, ko wani ya yi maka kutse, ka wayi gari ba kwastoma ko ɗaya.

Don haka ga abin da nake ba ka shawara. Duk wanda ya taɓa sayen kayanka, nemi izininsa ka ajiye lambarsa, kuma ka haɗa lambobin da asusunka na Google don kada su tafi in waya ta faɗa ruwa. Ka kunna tsaron mataki biyu a WhatsApp da Facebook tun yau. Kada ka zuba kasuwarka duka a dandali ɗaya. In za ka kama shago a filaza, kafin ka biya kuɗin shekara tambayi kanka wane ne ke kawo mutane wurin nan, kuma in ya tashi gobe ya za ka yi. Sannan ka yi hattara da bashin da za ka ci bisa lissafin cewa cinikin bana zai dawwama. Kamfanin biliyoyin Yuro ma ya sha da ƙyar.

Kai a ina kwastomominka suka fi samunka yanzu, a shago ko a waya? Faɗa mana, kuma ka tura wa ɗan uwanka mai sana'a ya karanta.

Allah Ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.